Idon Farin Bijimi

Ina da shekara ashirin da 'yan kai lokacin da nake aikin awon kuza a Riruwai. Tun ina ƙarami hannuna ba ya zama: gawayi, jar ƙasa, shuni, duk abin da zai bar alama a bango sai da na taɓa shi. Amma gawayi gogewa yake, launin da na kwaɓa da ƙaro kuwa da damina ta kama sai ya jiƙe ya zubo. Matar wani Bature mai kula da haƙar ce ta ga ina zane a bayan takardar awo. Da za su koma ƙasarsu ta bar mini akwatinta, da fentin mai a 'yan bututun dalma da ake matsawa, da buroshi huɗu. Ba ta nuna mini komai ba, ni kuma ban san abin da zan tambaya ba.

Kauri ne da fentin kamar man shanu. Na fara sassauta shi da man gyaɗa, na yi sati uku ina jira bai bushe ba, har tururuwa suka hau. Na koma kananzir, ya bushe da wuri amma ya dushe. Wani kafinta ne ya tsiyaya mini man da suke shafa wa katako, ya ce in gwada, shi ne ya yi. A hankali na gane yadda ake ɗaure yadin akoko a jikin katako, a shafe shi da farar ƙasa da danƙo, a fara da shafi sama-sama, a bar mai kauri sai ƙarshe.

Bayan ruwan farko na sami hutu, na tafi ƙauyenmu kusa da Tudun Wada da akwatina. A bayan gonarmu akwai rugar wani dattijon Bafillace, abokin mahaifina, Baffa muke ce masa. Yana da wani farin bijimi mai baƙaƙen kunnuwa, wanda in ya kira shi daga nesa yake tahowa. Safiya uku ina zaune a gindin ɗorawa ina zana shi, ban nemi izinin kowa ba. Ranar ta uku na ɗiga ɗan farin fenti a cikin baƙin idon. Ni kaina sai da gabana ya faɗi. Wata mai tallan nono ta leƙo ta kafaɗata, ta ja da baya da sauri.

"Wannan ai kallona yake yi!" in ji ta, ta wuce ko sallama babu.

Washegari bijimin ya ƙi kiwo, cikinsa ya kumbura. Kafin hantsi ya dubi ludayi, mahaifiyata ta dawo daga rijiya ta dire tulu.

"Me ka yi a gonar nan? Na gaida mata, babu wadda ta amsa. Cewa ake ka kama kurwar bijimin Baffa."

Ba ta furta kalmar maita ba, amma na ji ta. A garinmu in aka liƙa wa gida wannan suna, har jikoki sai sun sha shi.

Bayan azahar mahaifina ya aiko in zo zaure da abin da na zana. Baffa na zaune, sandarsa a gicciye bisa gwiwa. 'Ya'yansa biyu, manyan samari, suna tsaye a bakin ƙofa, sun ƙi shigowa. Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba. Na jingina zanen a bango.

Ya daɗe yana kallo. Can ƙasa-ƙasa na ji ya kira bijimin zanen da sunan da yake kiransa a garke.

"Ɗan nan, wa ya ba ka izini?"

"Babu kowa, Baffa. Na yi kuskure."

"Me ka zuba a ciki?"

"Fenti ne kawai, da man katako."

Ya miƙa yatsa ya taɓa tozon. Fentin bai bushe ba, farin ya manne masa. Ya sunsuna, sannan ya yi ta goge yatsan a ƙasa da ƙarfi, har bayan ya fita.

"A ƙone shi kawai," in ji babban ɗan daga waje.

"In an ƙone shi, bijimin fa?" ƙanen ya tambaya.

Mahaifina, wanda tun shigowata bai dube ni ba, ya gyara zama.

"Malam, ɗana ba maye ba ne, ka san mu tun ba yau ba. Amma abin da zai kwantar maka da hankali, shi za a yi."

Baffa ya nuna da haɓa. "Cire idon."

Na ciro wuƙata na kankare shi.

"Duka."

Na fara daga ƙaho na gangaro. Aikin kwana uku ya taho a bakin wuƙa, ina sharewa a tsumma, har sai da babu komai a akokon sai toka-toka. Baffa ya tashi ya fita, 'ya'yansa suka bi bayansa.

Muka zauna jira. Mahaifiyata ta kawo abinci, babu wanda ya sa hannu. Ni kuwa addu'a nake yi, ban ma san me nake roƙo ba. In bijimin ya tashi, za a ce da ma ni na riƙe shi. In ya mutu, za a ce ni na kashe shi.

Da la'asar labari ya zo cewa ya kwanta, an yanka shi kafin ya yi mushe. Mahaifina ya ce in sa takalmina mu je. Ban so ba, amma na bi shi. Mutane suka dare mana hanya. Mahaucin garinmu ne ke fiɗa, da ya farke tumbin sai ya dumbuzo abin da ke ciki ya ɗaga sama.

"Ɗanyen gyauron dawa ne ya ci ya ƙoshi," in ji shi da ƙarfi, don kowa ya ji. "Ba yau na fara ganin irin wannan kumburin ba."

Wasu suka gyaɗa kai. Wani a bayana ya ce, "To, wa ya tura shi wurin gyauron?" Baffa kuwa yana tsugune yana shafa fatar.

Ban ƙarasa hutuna ba. Ranar da zan koma, mahaifina da kansa ya raka ni bakin hanya, abin da bai taɓa yi ba. Ya bi da ni ta tsakiyar kasuwa, yana tsayawa yana gaisawa da mutane, ni ina gefensa riƙe da akwatin fentin a fili. Da motar ta tsaya ya kama hannuna.

"Ban hana ka ba," ya ce. "Amma abin mutum, ka tambaye shi tukuna."

Sai da na yi wata huɗu a Riruwai kafin na iya sake matsa fenti, kuma duwatsun bayan gari na zana.