Aikin da Rakiya Ta Ajiye wa Baba

A gidanmu na Tawa, in sanyi ya shigo, ba a barin murhun tuwon dare ya mutu. Da an sallame isha'i Kaka takan jawo tabarmarta ta kaba kusa da shi, ta tura karan gero a wuta, mu kuwa mu yi mata zobe: ni, da ƙanwata Rakiya, da yaran maƙwabta da suke shigowa ko sallama babu. Shekarar nan lakkol, wato makarantar boko, a rufe take, malamai suna yajin aiki, ba mai tashinmu da sassafe. Da rana motocin 'yan siyasa suna zagaya gari da lasifika, mu bi su da gudu muna ihu alhali ba mu san abin da suke faɗa ba. Da yamma ta yi kuwa, duk mu dawo wajen Kaka da ƙafafu fururu.

Kaka ita ta haifi babanmu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai jan baki saboda goro, ga tsokana kamar ba ta da jikoki. Ba ta taɓa kama sunan Baba, don shi ne ɗanta na fari. Sai dai ta ce "mutumin Abijan". Can yake tafiya ci rani duk shekara bayan an gama girbi, kamar yawancin mazan Adar. In wani ya tambayi abin da yake yi a can, amsar gidanmu ɗaya ce: yana ɗan taɓa kasuwanci. Ina da wajen shekara goma a lokacin, na kuma san cewa daga nan ba a ƙara tambaya.

Rakiya kuwa shekararta biyar, kuma 'yar lelen Baba ce. Tun ranar da muka raka shi tasha, motar ta ɓace mana, ta sa yatsa a baki, ba ta sake cire shi ba. Farce, wanda mu muke kira akaifa, ta cinye shi tas a yatsu goma, ta koma kan fata. In ka kama hannunta sai tausayi ya kama ka: kan kowane yatsa ja wur, wani har da jini. Innarmu ba abin da ba ta yi ba. Ta shafa mata maɗaci, Rakiya ta lashe ta ci gaba. Ta shafa tonka, wato barkono, yarinya ta murza ido da shi, ranar har maƙwabta sai da suka leƙo saboda ihu. Ta ɗaure yatsun da tsumma, ta yi faɗa, ta yi duka. Ana cikin haka babban yatsanta ya kumbura ya yi ruwa, aka kwana biyu ba ta yi barci ba, Inna ta zauna ta yi kuka don ta rasa dabara.

Nan ne Kaka ta ce, "Ku ƙyale min ita. Ni da ita ne, kowa shi hidda bakinai."

Kaka ba ta buɗe gatana, wato tatsuniya, yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta buga cinya da tafin hannu ta ce, "To, ga ta ta iso bakin ƙohwa. A buɗe mata ko ta wuce?" Mu kuwa mu haɗa baki, "A buɗe mata!" Ranar nan da muka buɗe, sai ta kawo mana wata da ba mu taɓa ji ba.

Wai wata kurege ce take zaune da 'yarta a rami, a gindin wani dutse. Abinci ya ƙare, uwar ta ce za ta tafi nesa neman gujiya, 'yar ta zauna ta jira. 'Yar kurege ta zauna a bakin rami tana kallon hanya. Gari ya waye ba uwa, rana ta faɗi ba uwa. Abin ya dame ta, ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta kama gwaiguyar akaifunta ɗaya bayan ɗaya har ta cinye su. Can sai hadari ya taso, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, laka ta gangaro daga kan dutse ta toshe bakin ramin. Da ruwa ya ɗauke, sai 'yar kurege ta ji murya daga waje. Uwarta ce ta dawo, kumatu cike da gujiya, ga gajiya, tana neman ƙofa ba ta gani. Nan Kaka ta sirance murya: "Ɗiyata, ina kike? Tono daga ciki in ji inda kike!" 'Yar kurege ta kai hannu ga laka, amma da me za ta tona?

Sai Kaka ta tsaya nan, ta ɗauki goronta ta gutsura.

Wayyo, wurin ya kaure! "Kaka, sai mi? Sai mi ya hwaru?" Wani yaro har ya miƙe tsaye. Kaka ta tauna goronta a tsanake, ta ce, "Ni ma ban sani ba. Akaihwatta ta ƙare, sai ta tsiro. Rakiya, kawo hannunki in gani." Ta juya hannun a hasken wuta, ta girgiza kai. "Yau kam ba ta iya tono. Irin hannunku guda da ita. Mu gani gobe."

Haka gatanar nan ta zama ta kullum. Kowace yamma sai an duba hannun Rakiya kafin a san abin da zai faru a rami. Kaka ta ƙunsa mata lalle a kan ɗan abin da ya rage na akaifun, ta ce duk farin da ya fito daga gindi, sabo ne. Mu yara muka zama masu gadi. In fari ya ɗan leƙo, 'yar kurege ta yi tono, ta ci karo da wani abu: yau saiwar itace, gobe gidan tururuwa masu neman faɗa, jibi wani tsohon kwaɗo da ya ce shi ba mai tada shi daga barci. Kaka tana yin muryar kowa, muna dariya har da faɗuwa. Uwar kuwa tana waje tana kira, dare na yi mata, ga mujiya tana shawagi. Ni kaina, da nake ganin na girma, na sha kwana ina tunanin mujiyar nan.

Ba kullum ake nasara ba. Wata rana wani maƙwabcinmu ya dawo daga Abijan, aka yi ta murna a gidansu, namu bai zo ba. Da yamma aka duba hannun Rakiya, ta cinye yatsu uku. Yara suka yi mata ca, wata ta ce ita ce za ta sa mujiya ta cinye uwar kurege. Rakiya ta fashe da kuka. Ban taɓa ganin Kaka ta fusata irin ta ranar ba. "Wanda duk yas sake ce mata uhum, shi tashi shi ba ni wuri! Ku kun san abin da ɗiyar kurege ka ji cikin duhu?" Ta ɗora Rakiya a cinya, ta ce yau kurege ta gaji, ta huta, kuma ba laifi ba ne. Daga ranar ta riƙa ajiye mata 'yar ƙwarya da gujiya, Rakiya tana ɓarewa ana gatana, hannu ya samu abin yi, baki ma ya samu.

Kafin azumi ya raba, akaifun Rakiya sun rufe kan yatsu, jan lalle ya hau sama, fari ya biyo shi. Tana yawo da hannu a buɗe tana nuna wa kowa, har mai tallan kanwa sai da ya gani. Wata yamma ta tambaya, "Kaka, in sunka yi tsawo, wa za shi yanke min?"

Kaka ta ce, "Wa kau, in ba ubanki ba? Ke ba ki san aikinai ke nan ba? Can Abijan, almakashi garai, in ya kaɗa shi tun daga nesa ake jin shi. Manyan mutane ka miƙa mai hannu da ƙahwa. Duk garin babu mai hannunai. Ki aje mai taki."

Inna tana kwashe kwanoni, sai na ji ta tsaya cik. Ta ce, "Iya! Gaban yara?" Kaka ko kallonta ba ta yi ba, ta ce, "Sata nic ce shina yi?" Ni kuwa kunya ta rufe ni, don na san yadda yaran unguwa suke kwaikwayon masu yankan akaifa. Amma Rakiya, idonta har ƙyalli yake yi. Daga ranar ba ta sake kai yatsa baki ba, kuma ba wanda ya isa ya taɓa mata akaifun. Inna ta zo da reza, Rakiya ta ɓoye hannu a hammata. Suka yi zaƙo-zaƙo, datti ya shiga, da dare ta yi ta yagata a kan tabarma. In na yi ƙara sai ta ce, "Na Baba na!"

Ana saura 'yan kwanaki Sallah, da la'asar, wani yaro ya shigo a guje yana cewa ga Baba can ya sauka. Gida ya rikice! Inna ta rasa abin da za ta ɗauka, Kaka ta shige ɗaki wai ita ba ruwanta, alhali muna ganinta tana leƙe. Baba ya rame, jakarsa ma ba ta kai ta bara ba, don shekarar kuɗi sun karye, kowa ya ji a jikinsa. Kafin ya shigo ciki maza sun taru a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, ana ta barka da zuwa, ana tambayarsa ya kasuwa. Yana cewa, "Kasuwa sai godiya."

Sai ga Rakiya ta ratsa tsakiyar mutane kamar an harbo ta. Ko gaisuwa ba ta yi ba. Ta tsaya gabansa ta baje yatsu goma a saitin fuskarsa, ta ɗaga murya yadda har na ƙarshen tabarma zai ji:

"Baba, ga aiki na aje maka! Kaka ta ce duk Abijan babu mai yankan akaihwa awa kai. Ban ci ba, Baba, duba! Ina almakashin?"

Ina laɓe a bakin zaure, na ji kamar in nutse. Wasu suka sunkuyar da kai, wani ya kama gyaran hula. Baba ya dubi mutane, ya dubi hannun. Inna ta riga ta aika masa da labarin yatsun tun suna jini, saboda haka ya san abin da yake kallo. Ya kama su ɗaya bayan ɗaya yana juyawa. Sannan ya jawo jakarsa, ya zura hannu har ƙasa, ya fito da wani ƙunshin tsumma. Ya kwance, ga almakashi yana sheƙi. Ya kaɗa shi a iska, kyas-kyas-kyas, Rakiya ta daka tsalle ta yi ƙara don murna.

Ya zaunar da ita a kan gwiwarsa ya ce, "To, hajiya, wane za mu hwara?" Ya yanke su a gaban kowa, a hankali, ya goge gefen kowanne, ya tattara abin da ya zuba a tafin hannunsa don a binne. Yana gamawa, wani dattijo da ake kira Baba Alu ya miƙo ƙafarsa daga cikin riga ya ce, "In ka ƙare da hajiya, ga wani aiki nan. Ni ma shekara nawa niy yi ina kaɗa shi Ikko, amma yanzu ido ya tahi." Aka tuntsire da dariya. Ashe rabin waɗanda suke kan tabarmar nan sun san nauyin almakashin.

Da yamma muka taru, muka ce Kaka ta ƙarasa mana. Ta ce, "Wace? Ta kurege? Ai ta huda ƙohwa tun la'asar, ku kuna ina?" Muka yi ta magiya, ta ƙi ƙara ko kalma. Har ta bar duniya ba ta ƙarasa gatanar nan ba, kuma na daɗe ina jin haushinta.

Sai da na haifi nawa na gane abin da tsohuwar nan ta gani. Mu duk yatsu muke kallo, ita kuwa ta ga yarinyar da take jiran ubanta ba ta san ranar zuwansa ba, sai ta ba ta abin da za ta yi da jiran. Ina kuma zargin ta san sarai abin da Rakiya za ta yi a gaban mutane. Ɗanta ne, al'ada ta hana ta ko kama sunansa, balle ta zaunar da shi ta ce masa ya daina jin kunyar abin da yake ciyar da mu. Sai ta aiki 'yar shekara biyar ta faɗa masa.

Baba ya tsufa yanzu, hannunsa yana rawa, ko kofin shayi sai an riƙe masa. Duk Juma'a da hantsi Rakiya takan zo daga gidanta, ta ɗauko almakashin, ta zauna a gabansa. In wani cikin jikoki ya ce zai yanke masa akaifa kafin ta iso, sai ya naɗe hannu cikin riga ya ce, "A'a. Na Rakiya na."