Babba Jibji

A Ƙofar Ran na girma, inda ciyawa ma sai ta yi sa'a take samun wurin tsira. Zaƙami a baki kawai na san shi: abin da ɓatattun samari ke sha su haukace. Ban taɓa ganinsa ba.

Da muka koma Tirwun na ɗauko Baffa, mahaifina, ya zauna da mu saboda fuka ta sa shi gaba. Bayan katangarmu akwai wani tsiro mai farin fure kamar kakaki, har ban-ruwa nake masa. Maƙwabciyata ta ce sunansa babba jibji, kakarta da shi take maganin fuka. Ni da rawar kai ban tsaya jin yadda ake yi ba. Na tsinko 'ya'yan, na dafa, na ba shi da hantsi.

Kafin azahar Baffa yana kamun iska da hannu, yana korar shanun da ya sayar tun ina goye. Sai ya kira sunana. Ni 'yar fari ce, bai taɓa faɗinsa ba, ko sau ɗaya. Nan take muka nufi asibiti da shi.

A asibiti nas ta tare mu.

"Me ya sha?"

"Babba jibji."

"Mene ne shi kuma?"

Na faɗa, na sake faɗa, har da ihu, kamar ƙarfin murya zai sa ta gane. Likita ya kira wani suna na boko, ni ma ban gane ba. Baffa na fizge-fizge, mutum uku sun danne shi. Na fita ba takalmi, na hau acaɓa, na je na tumɓuko tsiron da saiwarsa.

Nas ta kalle shi sau ɗaya. "Haba Hajiya! Ai zaƙami ne. Haukata-yaro!"

Suna uku a Hausa, tsiro ɗaya. Na san sunan da ake tsoro, amma da sunan da ban sani ba na ba ubana shi. Na tsani kaina a ranar, ba kaɗan ba.

Kwana biyu ina gefen gadonsa ina roƙon Allah ya dawo mini da shi. A na uku ya buɗe ido, leɓensa duk sun bushe, ya dube ni da ladabi irin na baƙo.

"Baiwar Allah, taimaka ki kira mini 'yata. Ita kaɗai na yarda ta ba ni magani."