Magenmu da Sabon Turaren Wuta

Har na ɗauko buhu zan saka magenmu a je a yar da ita a dutsen Kwatarkwashi, sai ga Inna, mahaifiyar maigidana, ta shigo.

Wallahi na gaji. Mage ta koma yakushi da fitsari a bakin ƙofa, ta ƙi shiga ɗaki.

Inna na leƙa ɗakin sai atishawa.

"Turaren wutar nan sabo ne?"

"Eh, Inna, daga Gusau na sayo."

"Ni mai baki ma ya shaƙe ni, balle mussa da ba ta iya faɗa."

Na daina turara shi. Jiya na tarar da ita miƙe kan tabarmata tana barci.

Buhun kam hatsi zan zuba. Ku fa, kun taɓa sauraron taku kafin ku kore ta?