Kokon Inna

Jiya na kai ɗana Bashir asibiti a unguwar Sainte-Rita, saboda hakin da yake yi in ya hau bene. Likita ta ɗora shi a sikeli, ta tambayi yadda jikinsa yake yana jariri. Sai na tuna surukata, wadda muke kira Inna.

Ita da hannu take awo. Takan ɗaga jariri, ta matsa cinyarsa, ta ce, "Wannan bai ƙoshi ba."

Tun Bashir bai iya zama ba ta soma ɗura masa koko da madarar gwangwani, ɗakinta duk ƙanshin citta da kanumfari. Wata safiya na ce, "Inna, an ce nono ya ishe shi."

Ta goge masa haɓa da bakin zaninta. "'Yata, biyu na binne ramammu. Ki bar ni."

Na bar ta.

Likita ta ce ƙibar jarirantaka takan bi yaro har ya girma, sai mu rage masa zaƙi da soye-soye. Za mu rage.

Allah Ya haskaka kabarinta, Ya sada ta da 'ya'yan nan nata biyu a Aljanna.