Katin Girafik da Bidiyon Kamu: Wuni Ɗaya a Bauchi

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Misau, ni da yayana, da kwamfutata naɗe cikin bargo a kan cinyata. Direba ya ce a sa ta a but, can bayan mota. Na leƙa but ɗin, na ga buhunan albasa da akuya a ɗaure, na ce masa a'a. Da ya fara mita na biya mata kuɗin kujera. Daga Kari zuwa Darazo duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a ƙirjina. A wani shinge jami'i ya ɗaga bargon, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko injin markaɗe ne.

Ga waɗanda ba su san ni ba, bidiyon biki nake ɗauka, ɓangaren mata zalla. Gidajen da ba sa yarda namiji ya shiga wajen kamu ni suke kira, mata su cire mayafi su yi rawarsu hankali kwance. Jarina bai wuce wannan yardar ba. Hoto ɗaya ya fita, na gama aiki a Misau. Ga bidiyon wani kamu a hannuna, uwar amarya na kira safe da yamma, kwamfutata kuma sai ta ci awa uku kafin ta fitar da bidiyon minti arba'in, wani lokacin ta mutu a tsakiya. Maganin shi ne katin girafik, allon nan mai fanka da ake sokawa cikin kwamfuta ya ɗauki nauyin hoto. Kamfani biyu ke gasa a kansa, samari na ce musu kore da ja. Ni dai na ƙudurta ba zan sayi ko ɗaya ba sai na gwada shi da aikina.

Mun fara da wani shago kusa da kasuwar Wunti. Kwalaye a jere har rufi, na ɗaga ɗaya na ji iska ce a ciki. Mai shagon ya ce babban koren, wanda ba na biyunsa, yana Legas, in ajiye rabin kuɗi zai iso nan da kwana uku. Kafin ya faɗi farashi sai da ya buga waya ya ji nawa dala ta kwana. Da ya faɗa, yayana ya nemi benci ya zauna. Na ce to in ya iso zan gwada? Ya ce, "Hajiya, sabon kaya ba a buɗe shi." Na ce sabon kuɗina ma ba a buɗe shi. Muka fita.

Daga nan muka tari keke zuwa Yelwa. Mai keken ya ƙara kuɗi wai saboda kaya, kamar shi zai goya ta. Wani ɗalibi ne da ya gama karatu yake sayar da jan kati. Ɗaki ɗaya, katifa a ƙasa, abokai huɗu, duk warin taliyar yara. Ya kunna min wasan tseren motoci yana ta ihu in duba yadda titi ke sheƙi. Na ce ban zo tuƙi ba. Ya koma lissafa min cewa ƙwaƙwalwar nasa giga goma sha shida ce, koren da ke daidai kuɗinsa sha biyu kawai. Wannan gaskiya ne, na riga na bincika. Na kwance kwamfutata da kaina, na soka katin, na juya allon kallo ya fuskanci bango, na shige lungu ni kaɗai. Abokan suka fashe da dariya, ɗaya ya ce ko sirrin gwamnati ne. Minti goma sha tara bidiyon ya fita. Amma da na zo gyaran kala sai manhajata ta riƙa tsayawa tana tunani. Ɗalibin ya miƙo filas ta kwamfuta, wai in zuba masa bidiyon a ciki ya daidaita komai kafin gobe. Na zare katinsa na miƙa masa.

Mun ci masa da miyar taushe a bakin titi. Gaskiya masar Bauchi ta fi tamu laushi, amma sun rage mata girma, kuma na ƙirga, ɗaya ta ɓata tsakanin tanda da faranti.

Na ƙarshe a Gwallameji yake, can cikin sababbin gidaje inda kwalta ta ƙare. Magidanci ne mai zanen gidaje, yana sayar da koren katinsa don ya sayi wanda ya fi shi. Na duba kusoshin, na ga alamar an taɓa kwance su. Na shinshina, don an ce wanda aka wahalar wajen haƙar kuɗin intanet ƙauri yake yi. Ya ce man sanyaya shi kawai ya canza, ya nuna min rasit. Ya kuma yi min bayani cewa koren yana da wani sashe a jikinsa da ba ya aikin komai sai matse bidiyo, kuma manhajar da nake amfani da ita ta fi sabawa da shi. Bayanin ya yi daɗi da yawa, shi ya sa ban yarda ba. Da na faɗi sharaɗina cewa namiji ba zai ga bidiyon ba, bai yi musu ba, ya ce in shiga ɗakin matarsa, su maza su zauna a waje.

Matar ta kawo min zoɓo mai sanyi, ta zauna gefena. Ban juya allon ba, ai mace ce. Kala ta tafi sumul, minti goma sha ɗaya komai ya fita. Ina cikin murna na ji ƙyas a bayan kunnena. Na waiwaya, wayarta na kallon allona, ƙanwar amarya ba ɗankwali tana tsakiyar rawa.

Ta ce, "Ɗinkin ne ya burge ni, ƙanwata, telana zan nuna wa."

Na ce, "Anti, goge shi."

Ta ce haba, wa ya san su a nan? Na miƙa hannu, ban sauke ba sai da ta ba ni wayar. Hotuna uku ne, ba ɗaya ba. Na goge, na shiga kwandon sharar wayar na sake gogewa, na buɗe saƙonninta na duba na sama-sama. Ta ce ba ni da kunya. Na ce haka ne.

Katin dai na saya, don ba shi ya yi min laifi ba. Mijin ya rage min wani abu, yana ta mamakin me ya sa matarsa ta ƙi fitowa sallama.

Mun shiga Misau bayan magariba, kwamfutar ta ƙara nauyi, jakata ta zama fayau. Washegari na kai wa uwar amarya bidiyonta, ta sa min albarka. Abin da na koyo: kada giga ta ruɗe ki, kada kwali ya ruɗe ki, ki gwada da aikin da kike ci da shi. Na biyu kuma, wuni guda na yi ina tsare allona daga maza, wadda ta ɗauki hoton kuwa, zoɓo ta kawo min. Ban ga alamar ta tura wa kowa ba, amma ban san minti nawa ta yi a bayana ba. Kwana tara ke nan, kullum da safe kafin in karya sai na bi sitatus ɗin matan Misau a waya ɗaya bayan ɗaya, in ga ko hoton ya fito.