Ƙwan Zabin Inna a Firijin Badaru

Tun kafin Bilki ta auri Badaru aka gaya mata shi mutum ne da ba ya iya ganin abu a rufe bai buɗe shi ba. Gidansu gidan malamai ne a Isa. Kakansa ya koyar, ubansa ya koyar, wansa Malami ya gaji makarantar. Shi kuwa yana ɗan shekara goma sha biyu ya kwance rediyon ubansa kaca-kaca, ya mayar da ita tana magana, da ragowar kusoshi uku a hannunsa da bai san inda suka fito ba. Ya sauke Alƙur'ani don babu yadda zai yi, sannan ya kafa tebur a bakin kasuwa yana gyaran wayoyi.

Gyaran waya bai taɓa damun Bilki ba, shi ke kawo hatsi. Abin da ya hana ta sakat wani ɗan allo ne shuɗi, bai kai tafin hannu ba, da wani direba ya kawo masa daga Sakkwato. Badaru na kiransa ƙwaƙwalwa. Sai ya jona shi da tsohuwar kwamfutarsa ya rubuta masa umarni, allon kuma ya bi umarnin babu tambaya, ko da na shirme ne.

Da shi ya haɗa ƙararrawar da za ta yi kuka idan akuya ta shiga madafa. Ta yi wa Bilki kuka sau arba'in a yini, akuyar kuwa ta koyi haura katanga. Da shi ya haɗa fankar da ke kunna kanta idan zafi ya yi yawa, ta kunna kanta ranar da Bilki ke tankaɗen garin tuwo a gabanta. Abin da ta lura da shi, wanda shi bai san ta lura ba, shi ne kowace ƙirƙira tana kammala ne daf da Juma'a, ranar da Malami ke leƙowa bayan masallaci. Ba don akuya yake yi ba, ba don zafi ba. So yake wansa ya buɗe baki sau ɗaya ya ce madalla.

Da damina ta kankama, Inna Kande, uwar Bilki, ta baro Turba ta dawo cikin gari, don zaman ƙauye ya ƙi daɗi. Zabinta da ta shekara talatin tana kiwo, masu farin ƙirji, ta rabu da su gaba ɗaya. Abin da ya rage ƙwai ashirin ne a cikin ƙwarya, an shimfiɗa musu ƙaiƙayi.

"Ki sa ma kaza," in ji Inna. "In sunka lalace, irin ya ƙare."

Haka ake yi dama, kaza ake ba ƙwan zabi ta kwanta a kai. Bilki na da mai kwanci guda ɗaya. Kwana biyu kafin ƙwan su iso, muzuru ya ɗauke ta. Ta zaga maƙwabta, babu mai kazar da ke kwanci.

Sai ta ga fuskar Badaru ta yi wani haske da ya ba ta haushi. Kafin la'asar ya jawo mataccen firij daga bayan ɗaki. Ya sa masa fitila biyu don ɗumi, da 'yar fanka, da faranti mai karkata ƙwai hagu da dama, ya jona su da allon nan shuɗi da batirin sola. A jikin ƙofar ya liƙa wani ɗan gilashi mai nuna lamba.

"Baban Nusaiba, ƙwan Inna na hwa."

"Na sani. Kaza tana tashi cin abinci, wagga ba ta tashi. Kaza tana mantuwa, wagga ba ta mantuwa."

"To ka san ƙwan zabi..."

"Bilki, don Allah. Na kalli bidiyo goma sha ɗaya. Wanga ba aikin akurki ba na, lissahi na."

Ta haɗiye sauran maganar.

Washegari ta ga gilashin ya nuna ashirin. Wanshekare, goma sha tara. Nan take ta gane. Daga ashirin da ɗaya ya fara ƙirga, kwanakin ƙwan kaza. Ƙwan zabi kuwa mako huɗu yake yi cur, ko 'yarsu Nusaiba mai shekara shida ta san wannan. Duk masu bidiyon nasa kaji suke ƙyanƙyasa.

Kalma uku ta isa ta gyara abin. Ba ta faɗa ba. Ta gaya wa kanta ai lamba ce kawai, in ta ƙare zai daɗa kwana bakwai. Amma can ƙasan ranta ta san dalilin. So take ranar ta zo, ya tsaya gaban firijin yana sosa ƙeya, ya juyo ya tambayi mai aikin akurki. Shekara tara suna tare, bai taɓa tambayarta yadda ake wani abu ba.

Ranar ashirin da ɗaya ta faɗo Juma'a, kamar yadda ya tsara. Malami ya zo da carbinsa, aka shimfiɗa masa tabarma a gaban firij. Suka zauna suna kallon ƙofa har aka kira la'asar. Ko tsagewa babu.

"To," in ji Malami yana kakkaɓe riga, "Allah shi ba da sa'a. Ko ba komi, kun sami wurin aje ƙwai."

Asabar da hantsi Bilki ta tafi suna. Aka tsuge da ruwa, ba ta dawo ba sai bayan azahar. Tana shiga gida ta ji shiru. Ƙugin fankar nan da ya dame ta mako uku babu shi. Ta buɗe firijin, fitilu a mace. Ta ɗora bayan hannu a kan ƙwai, sanyi ƙalau.

Badaru na zaune a zaure, bai fita kasuwa ba.

"Wa yak kashe ta?"

"Ita tak kashe kanta. Hakanan nir rubuta mata, kwana ashirin da biyu ta tsaya, don batir." Bai ɗago kai ba. "Bara-gurbi na duka. Tun Turba sunka lalace, ba laihin..."

"Kwana nawa kab ba ta?"

"Ashirin da ɗaya."

"Na kaza ke nan! Zabi mako huɗu suka yi, Baban Nusaiba, mako huɗu!"

Ya ɗago a hankali. "Tun yaushe kinka sani?"

Ta juya da sauri ta ɗebo ruwan ɗumi a kwano, ta saka ƙwai ɗaya. Ya taso ya tsaya cak. Ta saka na biyu, shi ma haka. Na uku ya ɗan girgiza, shi kaɗai, babu mai taɓa ruwan. Akwai mai rai a ciki.

Badaru ya zabura ya ɗauko kwamfuta. Ita kuma ta tattara ƙwan a zane ta rungume su a cikinta, ta zauna kusa da murhu, tana jin shi yana ƙwanƙwasa maɓallai yana kuskure yana gogewa. Babu wanda ya ce wa wani yi haƙuri. Da fitilun suka kama, ita ta jera ƙwan da kanta, shi ya riƙe mata ƙofa.

Ranar ashirin da tara, bakwai suka fito. Goma sha uku da suka rage Bilki ta binne su a bayan ɗaki ba ta fasa ko ɗaya ba, don ba ta son ganin nawa ne sanyin Asabar ya kashe.

Inna Kande ta zo ta tsuguna, ta ɗauki ɗan tsako guda ta juya shi. "Bakwai cikin ashirin. Kaza ta hi haka." Ta mayar da shi. "Amma iri bai ƙare ba."

Malami bai zo ba, Badaru kuma bai aika masa ba. Da rana Bilki na ba 'yan tsakin ɓarzajjen gero, sai ta ji shi tsaye a bayanta, da ɗan littafi da biro.

"Bilki."

"Mi kuma?"

"Ƙwan agwagwa. Kwana nawa?"

Ta rufe ido ta ja dogon numfashi. Maƙwabciyarsu Fatu na da agwagi, kuma ta san inda zancen nan ya dosa.

"Talatin da biyar," ta ce. "Rubuta da kyau. Kuma in ka taɓa ƙwan Hwatu ba ta sani ba, za ni gidanmu."