Shekarar da Na Cire Iyakokin Gonakin Citta

Na yi shekaru ina gyaran layin dogo a Kafanchan. Karatuna bai wuce firamare ba, amma a taron ƙungiyar ma'aikata na tsinci kalmomi biyu da suka zauna mini a kai: jari-hujja da gurguzu. Wani akawu ya bayyana mana cewa a jari-hujja mai kuɗi ke cin gumin mai aiki, a gurguzu kuwa babu nawa babu naka, komai na kowa ne. Na biyun ya kwanta mini, domin na sha ganin dillalai suna kwashe cittar mutanenmu da araha lokacin girbi.

Da na yi ritaya na koma ƙauyenmu ta wajen Kagarko, sai na tara gidaje shida na danginmu. Na ce musu gayyar da muka gada rabin gurguzu ce, mu ƙarasa ta: mu cire iyakoki, mu haɗa iri, mu yi gona ɗaya babba. Ga fansho ga baki, suka yarda. Matar yayana marigayi ce kaɗai ta yi jinkiri, don irin cittarta shi ne duk abin da mijinta ya bar mata. Ta bayar, amma ta tambaye ni wa zai dafa abinci. Na yi mata dariya, na ce ana maganar tattalin arziki tana maganar tukunya.

Shuka ta tafi lafiya. Sai dai citta tana so a rufe ta da ganye da ciyawa da zarar ta shiga ƙasa, in ba haka ba rana ta dafa irin. Aiki ne na ɗauko kaya a ka daga daji. Na sa rana, mutum uku suka zo. Na sake sawa, biyu. Ruwa kuma ya ɗauke, rana ta buɗe.

Ba ragwaye ba ne. A gayya, mai gona ne ke bi gida-gida yana roƙo, gidansa ya dafa, wanda bai zo ba kuma ya san idon wa zai kalla a coci ranar Lahadi. Ni na kawar da mai gona. Babu mai roƙo, babu mai dafawa, babu wanda za a ji kunyarsa.

Wata safiya na tarar da matar yayana tana auna gona da taku, tana kafa itace inda iyakarta take a dā. Ta gama, ta bi gidaje ta kira gayya, ta tanadi tukunyar pate da ta kunu. A ƙofata ta tsaya ta ce, "Mijina, ka gaya wa gurguzunka gobe ya zo da gammo. In bai iya ɗaukar ganye ba, kai ka zo."

Na je. Har daga ƙauyen gaba mutane suka zo, da mai ganga. Mata suka haɗa mini waƙa nan take, wai mai jirgi ya zo ya koya wa citta boko, ni ma ina amshi da damin ganye a kaina. Da aka zauna cin abinci na tashi na roƙi gafararta a gaban kowa. Ta ce ta yafe, amma in ƙara ɗauko dami biyu.

Washegari wani gida ya kafa nasa itacen ya dafa, haka har aka zagaye duka shida. Rabona ne na ƙarshe, ya kuma fito tsilla-tsilla. Nata ya tsiro kore shar, ko gurbi ɗaya bai mutu ba.